Tsatsar Turai, Waldar Sahel: Tarihin Raya Tsofaffin Motocin Dizal

A shekarar 2004, wani direban tasi a birnin Tasalonika na ƙasar Girka, Gregorios Sachinidis, ya miƙa wa gidan adana tarihi na kamfanin Mercedes-Benz tsohuwar motarsa samfurin 240D, ƙirar 1976. A lokacin ta ci kilomita miliyan 4.6. An sha sauke mata inji ana ɗora wani a tsawon shekarun, amma duk da haka labarin ya bazu a duniya, domin ya gaskata abin da direbobi suka daɗe suna faɗa a tasha, cewa tsohuwar Marsandi mai shan dizal ba ta san gajiya ba.

Sai dai mafi yawan 'yan uwanta da suka zauna a Jamus da Beljiyam da Holan ba su yi ko kusa da wannan tafiya ba a ƙasashen da aka fara sayensu. Ƙasan motar ne ke ruɓewa, dokin ƙofa ya zama gari, wurin kafa jak ya lotsa ciki, alhali inji yana tashi bugu ɗaya. Wannan rata da ke tsakanin tsawon ran inji da gajeren ran bodi ita ta koro dubban motoci daga Turai zuwa Afirka, ita ce kuma ta ba masu walda na Agadas da Maraɗi da Kano da Kaduna aikin da suka ci abinci da shi shekara da shekaru.

Inji mai taurin rai, bodi mai sirin fata

Rudolf Diesel ya kammala injinsa na farko da ya yi aiki yadda ya kamata a 1897, a garin Augsburg na Jamus. Shekaru da dama bayan haka, injin ya tsaya a masana'antu da jiragen ruwa da manyan motoci, saboda nauyinsa da jijjigarsa sun fi ƙarfin ƙaramar mota. Sai a 1936 Mercedes ya nuna samfurin 260D a bikin baje kolin motoci na Balin, masu tasi kuma suka yi caa a kanta saboda ƙarancin shan mai. Peugeot ya biyo baya a 1959 da 403 mai dizal, sannan 404, sannan 504 wadda ta fito a 1968.

Dalilin daɗewar injin a bayyane yake. Ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai. Iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, kuma a injin 240D matsin ya kai ninki 21. Injin da zai jure wannan dole a yi shi da kauri, ga shi kuma ba ya juyawa da sauri. Ƙarfin 240D ta farko doki 65 ne kacal. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta, kuma da zarar ya tashi ba ya neman lantarki don ya ci gaba da aiki. Bakanike mai sifana da haƙuri zai iya buɗe shi a gindin bishiya ya mayar.

Bodi kuwa wata hanya dabam ya bi. Motocin farko a kan shasi ake gina su: dogayen ƙarafa biyu masu kauri da aka haɗa da 'yan gajeru a tsakani, sai a ɗora akwatin katako ko na ƙarfe a sama. Idan akwatin ya lalace a sake wani, shasi na nan. Kamfanin Lancia na Italiya ya fara kauce wa wannan tsari a 1922, Citroën ya bi a 1934, Opel a 1935, Mercedes kuma a 1953. A sabon tsarin babu shasi na dabam. Ƙasan mota da dokin ƙofa da ginshiƙai da rufi su ne ke ɗauke da nauyin junansu, kamar kwando wanda ƙarfinsa duk a saƙarsa yake, in gindi ya zube baki ma ya saki. Motar ta yi sauƙi, ta rage shan mai, ta yi arahar ƙerawa. Amma fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba bai cika kai kaurin milimita ɗaya ba, an kuma haɗa sassan da ɗigon walda dubbai, aka bar kogunan da fenti ba ya shiga.

A kan wannan tsari aka ƙera Marsandi W123, wadda aka sayar daga 1976 zuwa 1986, kimanin miliyan 2.7, da Fijo 504 wadda ta haura miliyan uku.

Gishirin titi da gudumar mai duba mota

Tsatsa abu uku take nema: ƙarfe, ruwa da iska. Idan aka ƙara gishiri a ruwan, aikin da zai ɗauki shekaru sai ya gudana cikin 'yan damuna. Turawa kuwa da hannunsu suka zuba gishirin. Ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri, don haka jihar New Hampshire ta Amurka ta fara watsa shi a tituna a ƙarshen shekarun 1930 don narkar da ƙanƙara, kuma zuwa shekarun 1960 abin ya zama ruwan dare a Yammacin Turai. Kowane lokacin sanyi tayoyi na fesa taɓo mai gishiri cikin madigadi da kowane lungu na ƙasan mota. Taɓon ya maƙale, ya riƙe danshi, ya yi ta ci daga ciki. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, saboda haka tana kumbura, ta ɓamɓare fenti, ta buɗe wa sabon ruwa ƙofa.

Masu W123 sun san wuraren da take farawa: ramukan jak guda huɗu, dokin ƙofa, bakin madigadin baya, ƙarƙashin batir inda ruwan batir ke ɗiga, da magudanun ruwa na kusa da maratayin bonet. Idan ganye ya toshe waɗannan magudanai, ruwan sama sai ya gangara cikin mota, ya kwanta a ƙarƙashin kafet, soson da aka shimfiɗa don rage ƙara ya shanye shi. Daga waje kuma akwai kaurin shafen roba da kamfani ya yi don kariya, wanda idan ya tsage yakan riƙe ruwa a bayansa. Mai mota zai iya shekara biyar yana taka ƙasan da rabinsa soso ne da roba.

Matsalar ta zama abin kunya ga masana'antar gaba ɗaya. A 1980 jaridun Ingila suka yi wa Lancia Beta ca saboda ruɓewar wurin da ke riƙe inji, har kamfanin ya riƙa sayen motocin daga hannun masu su yana rushewa. Porsche ya fara lulluɓe dukkan bodi da tutiya a tsakiyar shekarun 1970, Audi ya yi haka ga motocinsa na gama-gari a 1985 da 1986, sauran kuma suka biyo a hankali. Ga miliyoyin motocin da suka riga suka fita, gyaran ya zo a makare.

Hukuma ce ke yanke musu hukuncin ƙarshe. Jamus ta wajabta binciken lafiyar mota lokaci-lokaci tun 1951, Birtaniya ta kawo nata a 1960, Faransa ta wajabta wa kowa daga Janairun 1992. Mai bincike yakan shiga ƙarƙashin mota da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa. A ƙa'idar Birtaniya, ruɓewar da ke cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure sitiyari, birki, sifirin ko bel ɗin kujera ta isa ta hana mota hawa titi. Ladan mai walda a Turai kuwa da awa ake lissafa shi, kuma sake ƙasan mota aikin kwanaki ne. Kuɗin gyara sai ya ninka kuɗin motar. Mai ita ya sayar wa dillali da ɗan abin da ya samu, dillali kuma ya san inda ake nemanta.

Hanyar kudu

A shekarun 1970 da 1980, hanya mafi shahara ta ratsa Sahara ce. Samarin Faransa da Jamus da Suwizalan da Holan sukan sayi tsohuwar 404 ko 504 ko Marsandi, su sa ta a jirgin ruwa daga Marsai zuwa Aljas, su tuƙa kusan kilomita 2,000 zuwa Tamanrasset. Daga nan kwalta ta ƙare. Sai kimanin kilomita 400 na rairayi da tsakuwa zuwa In Gezzam, a tsakani a ratsa yashin Lawuni inda gawarwakin motoci suka zama alamar hanya, a shiga Nijar ta Assamaka, a sauka Arlit. Garin yana cikin kuɗin yuraniyom a lokacin, don haka wasu motocin a nan suke samun mai saye. Wasu su wuce Agadas, Tawa, Yamai, har Lome da Kwatano. Baturen ya karɓi kuɗinsa ya sayi tikitin jirgin sama ya koma gida, wani ma ya sake dawowa da wata.

Iskar Sahel ta yi wa waɗannan motoci rana. Idan danshin iska ya yi ƙasa da kimanin kashi 60 cikin ɗari, tsatsa takan ja da baya sosai, kuma a mafi yawan watannin shekara iskar Agadas ko Damagaram ba ta kusantar wannan adadi. Ramin da mota ta zo da shi daga Turai yana nan, amma ya daina faɗaɗa da sauri. Wanda ya toshe shi da kyau ya sami motar shekara goma ko ashirin.

A Najeriya labarin ya bi ta Kaduna. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975, kuma akwai shekarun da jiragen sama na kamfanin UTA ke jigilar sassan daga Liyon zuwa filin jirgin Kano. Mafi yawan 504 na Kaduna masu fetur ne, domin fetur yana da araha a ƙasar a lokacin, amma bodin ɗaya ne da na masu dizal. Yaron da ya koyi lanƙwasa dokin ƙofar 504 a Kaduna zai gyara wadda ta fito daga Marsai ba tare da tambaya ba. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, mutanen Nijar ma suka shiga irin wannan hali. A daidai wannan tsakani yaƙin basasar Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka rufe hanyar Sahara. Ciniki ya koma teku. Unguwar Heyvaert a Burasel ta zama kasuwar tara tsofaffin motoci, tashar Antwerp ta zama mafita, Kwatano mashiga. A takarda akan rubuta cewa Nijar motocin za su, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, su bi ta Ƙonni ko Maraɗi, da yawansu kuma su gangaro Najeriya. 'Yar Beljiyam da 'yar Kwatano suka cika tashoshi, kowace da rabonta na gishirin Turai a cikin ƙashinta.

Daga maƙera zuwa gareji

Waɗanda suka karɓi aikin ba baƙin ƙarfe ba ne. An yi narkar da tama a kewayen Dutsen Dala tun ƙarni na bakwai, kuma kowane gari na ƙasar Hausa yana da maƙeransa da Sarkin Maƙera. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka yawaita, narkar da tama ta mutu a hankali, maƙera suka koma sayen tsohon ƙarfe. Har yau sifirin ɗin mota na cikin abin da maƙeri ya fi so don gatari da wuƙa. Wato tun kafin a fara gyaran bodi, an riga an saba kallon matacciyar mota a matsayin ma'adini.

Ita walda kanta daga waje ta zo. A 1892 Thomas Willson ya gano hanyar yin kabayid da yawa, dutsen da in an zuba masa ruwa yake fitar da iskar asitilin. A farkon shekarun 1900 Faransawa biyu, Edmond Fouché da Charles Picard, suka ƙera bakin wutar da ke haɗa wannan iska da oksijin, harshenta ya haura digiri 3,000. A 1907 Oscar Kjellberg na Suwidin ya fito da sandar walda mai rufi ta lantarki. Ma'aikatun jirgin ƙasa, sashen ayyuka na gwamnati, da garejin kamfanoni irin su UAC da SCOA da CFAO da Leventis su ne makarantun farko. Cibiyar koyon fasaha ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1956 ta kuma zama Kaduna Polytechnic a 1968, ta ƙara nata. Waɗanda suka koya suka fita suka kafa rumfunansu, suka ɗauki yara.

Tsarin koyon bai canza sosai ba. Uba ko kawu ya kai yaro wurin maigida ya damƙa amana. Shekarar farko ta tafi a ɗebo ruwa, miƙo guduma, goge fila da samfefa, da wanke tukunyar kabayid. Daga baya a ba shi almakashi, sai can a bar shi ya riƙe wuta. Idan ya ƙware a yaye shi da addu'a da walima. Da haka aka sami unguwanni sukutum na ƙarfe: Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Katako a Yamai, da Suame Magazine a Kumasi, inda motoci daga ƙasashen maƙwabta ke zuwa neman magani.

A Turai masu garejin gyaran bodi sun koma waldar waya mai tafiya da kanta, wadda aka ƙirƙiro a 1948. Tana son tsayayyar wuta da tulun iska da naɗin waya na musamman. Inda wuta ke zuwa da tafiya, kabayid ya fi amfani, don ba ruwansa da wutar lantarki. Aiki sai ya rabu biyu: wutar gas ga fallen bodi, domin sandar lantarki tana huda siririn ƙarfe, waldar lantarki kuma ga shasi da duk abu mai kauri, sau da yawa da taransifoma naɗin gida.

Yadda ake sake ƙasan mota

Ƙwararre ba ya fara kunna wuta. Kujeru yake fara cirewa, da kafet da soso, ya kwance batir, ya janye wayoyi da bututun mai da na birki da ke bin ƙarƙashi. Dizal ba ya kamawa da sauri kamar fetur, sai ya yi zafin da ya haura digiri 50 kafin tururinsa ya ɗauki wuta, amma tankin da babu mai sai tururi yana iya fashewa, kuma shafen roba na ƙasan mota yana ci da wuta sosai. Shi ya sa akan tsayar da yaro da bokitin ruwa a ɗaya gefen.

Sai bincike. Da sukudireba ake soka ko'ina, duk inda ya shige an san ya mutu. Ramin da ido ya gani kamar tafin hannu yakan zama faɗin faranti idan aka kankare, domin ƙarfen da ke kewaye ya riga ya sirance. A nan ake gane mai gaskiya. Yankewa yake yi har sai ya kai ƙarfe mai haske da cikakken kauri, ko da mai mota yana ƙorafin cewa ana ƙara masa rami. Walda ba ta kama tsatsa, kuma duk ɓurɓushin da aka rufe a ciki zai ci gaba da aikinsa.

Daga nan a ɗora kwali a kan ramin a zana siffarsa, a yanka, a kwafa a kan fallen ƙarfe. Fallen da ya fi dacewa shi ne na wata motar, rufi ko ƙofa ko bonet, saboda kaurinsu da laushinsu ɗaya ne. In babu, ana yi da ganga ko jikin tsohon firji. Shimfiɗaɗɗen falle ba shi da ƙarfi, yana lotsawa yana kuma ƙara, don haka ake dukan layuka a jikinsa da guduma a kan guntun dogo ko bakin ƙarfe, a kwaikwayi tudu da kwarin da injin kamfani ya matsa a ƙasan asali. Hannun maƙera ya fi fitowa a wannan mataki.

Ɗinkin ma da dabara. Zafi yana sa falle ya murɗe, saboda haka ba a jan wuta daga farko zuwa ƙarshe a tafiya ɗaya. Ɗigo ake yi nan, a tsallaka can a yi wani, a daddaka da guduma tun yana ja, a bari ya huce, sannan a cike tsakani. Haɗa baki da baki ya fi wuya amma ya fi daɗewa. Ɗora sabo a kan tsoho ya fi sauri, sai dai yana barin aljihu tsakanin fallayen biyu inda ruwa zai kwana. Idan dokin ƙofa za a sake, akan fara tokare bakin ƙofar da ƙarfe, a kuma tallafe motar a daidaitaccen wuri. Wanda ya manta da wannan zai gama aiki ya tarar ƙofa ta ƙi rufuwa, domin motar ta sunkuya a tsakiya tun lokacin da ya yanke.

Ƙarshen aiki shi ne kariya: jan fenti a ciki da waje, kwalta a ƙarƙashi, sannan a tsiyaya baƙin mai cikin kogunan da buroshi ba ya kaiwa. Kanikawa sun daɗe da lura cewa wurin da tsohon injin dizal ke yoyon mai ba ya tsatsa. A Turai kakin zuma na musamman ake fesawa don wannan buƙata.

Akwai kuma aikin ha'inci, kuma shi ma yana da tarihi. Da can da narkakkiyar dalma ake cike lotsawa. A 1955 aka fito da fila ta roba a Amurka, mai saurin bushewa, wadda kowa zai iya shafawa. An yi ta ne don share ƙananan tabo, amma ba a daɗe ba masu son a sayar da mota da wuri, a Turai da Afirka duka, suka fara cusa raga ko takarda a rami su shafe da fila su bi da baƙin fenti. Ƙa'idar binciken Birtaniya ba ta karɓar fila ko faiba ko liƙin tagulla a duk wurin da ke ɗaukar nauyi, saboda ranar karo ba sa riƙe komai.

Shasi da kayan da suka fi ƙarfinsa

A-kori-kura da Land Rover da Land Cruiser da manyan motoci irin su Marsandi 911 sun ci gaba da zama a kan shasi. Land Rover ma tun 1948 da alminiyom aka yi mata bodi, saboda ƙarancin ƙarfe a Birtaniya bayan yaƙi, don haka jikinta kan yi kyau alhali shasin ƙarfen da ke ƙasa ya ruɓe daga ciki.

A ƙasar Hausa abin da ke karya shasi ya fi karkata ga lodi da gargada. Motar da aka yi don mutum bakwai ta ɗauki goma sha biyu da buhuna a sama, an ƙara mata ganyen sifirin don kada ta zauna, nauyin sai ya koma kan wurin da sifirin ya kama shasi, ya tsage a nan. Tsatsar gida ma tana da nata hanyoyin: taɓon damina da ya bushe a lungu, fitsarin dabbobi a motar kasuwar ƙauye, takin zamani, gishiri da kanwa da suka zube, ruwan kifi, da ledar da ake shimfiɗawa a ƙasa wadda ke hana danshi fita. Motar da ta yi zama a Legas ko Fatakwal kuma iskar teku ta riga ta taɓa ta.

Gyaran tsagewa yana da ƙa'ida. Akan huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a fafe bakinta, a cike da walda, sannan a ɗora wani ƙarfe mai kaurin shasin a kai. Masana sun fi son a yanka wannan ƙarfe da tsini a gefe biyu, domin layin walda da ya ratsa shasi a tsaye daga sama zuwa ƙasa yakan zama wurin sabuwar karaya. Kafin duk wannan sai an auna daga kusurwa zuwa kusurwa da igiya ko tef. Shasin da aka ɗinke a karkace shi ne ke haifar da motar da ake gani tana tafiya a gicciye tana cin taya.

Sana'ar tana cin masu ita. Tukunyar kabayid ta gida takan fashe idan wuta ta koma baya ta cikin tiyo. Hasken lantarki yana ƙona ido, tabarau na kasuwa kuma ba ya tare shi. Kwanon rufi da duk ƙarfe mai tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi, kuma madarar da ake sha bayan aiki ba ta wanke huhu.

Inda aka kwana

Zamanin waɗannan motoci yana ƙarewa. A 2014 Maroko, inda 240D ta daɗe tana aikin tasi tsakanin garuruwa, ta fara ba masu su tallafin dirhami 80,000 don su miƙa tsofaffin a rushe su sayi sababbi. Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017. Dizal, wanda aka cire wa tallafi tun kafin fetur, ya daina zama man talaka. 'Yan gwangwan suna saye gawarwakin motoci a kan kilo suna kai wa kamfanonin narka ƙarfe, fallen da mai walda ke samu a arha ya fara wuya. A Jamus kuwa, tun 1997 motar da ta shekara 30 cikin kyakkyawan hali tana samun lambar kayan tarihi, don haka W123 da ta tsira ta zama abin ado, ana sake mata ƙasa da fallayen da aka matsa musamman dominta, a kan kuɗin da a da zai sayi irinta da yawa.

Kwararar gwanjo dai ba ta tsaya ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka. Waɗannan ba su cika ruɓewa kamar na da ba, amma da yawansu sun yi hatsari ko ambaliya ta shanye su kafin a yi gwanjonsu. Ginshiƙansu kuma da wani irin ƙarfe mai tauri ake yi, wanda wutar gas ke kashe ƙarfinsa ko da ɗinkin ya yi kyau a ido. Dabarar da ta raya 504 tana iya mayar da sabuwar mota tarko.

Don haka akwai aiki a gaban kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin kanikawa: su kai wa masu walda na Panteka da Ƙofar Ruwa da Katako ilimin sabon ƙarfe da injin waldar waya da abin kare ido da huhu, a inda suke aiki. Jami'an duba lafiyar motoci su ma su riƙa leƙa ƙarƙashi, kada bincike ya tsaya a takarda da fitila. Mai shirin sayen tsohuwar mota kuma ya ɗaga kafet, ya duba ramukan jak da ƙarƙashin batir, ya bi dokin ƙofa da mayen ƙarfe. Duk inda mayen ya ƙi kamawa fila ce a wurin, sai ya nemi a kankare ya gani kafin ya biya.